Yaya Ake Rubuta Murya?

Ku da kuka koyi karatu bana, kun riga kun ga wata matsala. In kun tarar da kalmar "gari" a takarda, wanne ake nufi? Garin da ake zama, ko garin tuwo? Baƙaƙen iri ɗaya ne, murya ce ta raba su. To, wannan matsala tsohuwa ce.

Da farko ana rubuta Alƙur'ani ba wasali. Da Musulunci ya yaɗu cikin waɗanda ba Larabawa ba, sai kuskure ya fara shiga karatu. Masana tarihi sun ce wani malamin Basra, Abul Aswad, wanda ya rasu wajen shekara ta 688, shi ya fara sa ɗigo da tawada mai launi dabam. Ɗigo a bisa, fataha ke nan. A ƙasa, kisira. A gaban harafi, rufu'a. Wajen shekara 100 bayansa, Halilu ɗan Ahmadu ya ba wasulan siffar da muka sani, ya ƙara da shadda.

Ku dubi Alƙur'anin da alaramman garinku ya rubuta da hannu, bisa ruwayar Warshu. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Ba ado kaɗai ba ne. Madda tana ce maka ja sauti, shadda tana ce maka ƙarfafa. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kada a gauraya su. Alamun nan suna tsare lafazi ne, amma hawa da saukar murya sai a bakin malam ake ɗauka.

Kiristocin Turai kuwa, hawa da saukar nan suka so su kama. Waƙoƙin ibadarsu duk da ka ake riƙe su. Bayan shekara ta 800 suka fara zana ƙananan ƙugiyoyi da ɗige-ɗige bisa kalmomi. Wannan ta ce murya ta hau, waccan ta ce ta sauka. Amma hawa nawa? Alamar ba ta faɗi ba. Wanda bai taɓa jin waƙar ba, duba takardar bai amfane shi da kome.

Wajen shekara ta 1030, wani malamin coci a Italiya mai suna Gido, na garin Arezzo, ya daidaita dabarar ja layuka, kowane sauti da mazauninsa. Layi ɗaya ja, ɗaya rawaya. Shi ma launin namu ya zaɓa! Ya ce abin da almajiri ke yi wa shekara 10, yanzu shekara 1 ko 2 ta isa.

Wanda ya shigo Yamai, cibiyar bincike ta IRSH tana ajiye da littattafan hannu wajen 4000, na Larabci da na ajami. Marigayi Bubu Hama ne ya fara tara su. In an buɗe muku ɗaya, ku fara neman jar tawadar.