Ciwon Kan Ɗalibai da Darasin Ƙauyen Aro

A shekarar 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya wallafa bayani kan wata larura da ya riƙa gani a tsakanin ɗaliban Nijeriya. Matashi zai zo yana kukan zafi a ka, ko yana jin kamar wani abu na yawo a kwanyarsa. Ido ya dushe, ya yi ta maimaita shafi guda bai riƙe komai ba. Ɗaliban da kansu suna kiran abin da wani suna na Turanci mai ma'anar gajiyar ƙwaƙwalwa.

Da yawansu su ne na farko a zuriyarsu da suka yi nisa a boko. Dangi ne suka haɗa kuɗin makaranta, kowa ya zuba ido, ga karatun da harshen da ba a yi a gida. Idan irin wannan yaro ya faɗi jarrabawa, gida guda ne ya faɗi, kuma babu wanda ya taɓa bin hanyar balle ya kai masa kuka.

Likitocin mulkin mallaka suna da nasu bayanin. J. C. Carothers, da ya yi aiki a Kenya, ya fitar da littafi a 1953 yana da'awar cewa tunanin ɗan Afirka daban yake da na Bature. A wurin irinsa, boko da rayuwar birni ne ke raba baƙar fata da asalinsa har ya ruɗe.

Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, ya yi watsi da wannan ra'ayi. Shi ma ya ɗanɗana zaman baƙunta, domin a Birmingham ya karanta likitanci, sannan ya ƙware a asibitin Maudsley na Landan. Da ya dawo gida, a 1954 ya kafa tsarin ƙauyen Aro: maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana, ya koma cikin jama'a da yamma. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin, saboda sun san yadda majinyaci ke fassara ciwonsa. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 1973 zuwa 1988.

Har yau irin waɗannan ɗalibai suna nan a Zariya da Kano da Yamai, wasu kuma a Alƙahira ko Landan. Mai ba su shawara da ya ce su rabu da nauyin dangi bai fahimce su ba, don dangin su ne nauyin, su ne kuma madogara. Abin da Lambo ya gwada a Aro shi ne a fara tambayar wa ke jiran yaron a gida, sannan a sa shi cikin maganin.