Allurar Rigakafin Tarin Shiƙa da Gwajinta a Jikin Ɓeraye

Tarin shiƙa cuta ce ta numfashi da ƙwayar Bordetella pertussis ke haddasawa, kuma ta fi kisa a tsakanin jarirai. Maganin rigakafinta na cikin allurar Penta da Najeriya ta fara amfani da ita a 2012. Ana yi wa jarirai ita kyauta a cibiyoyin lafiya na matakin farko, har da na Agege da Abule Egba a Legas, a mako na 6, na 10 da na 14.

Allurar na ɗauke da matattun ƙwayoyin cutar. Kafin ta isa asibiti, akan auna ƙarfinta ta hanyar da Pearl Kendrick da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 1947. Ana yi wa ɓeraye allurar, a jira kimanin mako biyu, sannan a sa musu rayayyun ƙwayoyin cutar, a ƙirga waɗanda suka rayu. A cikin wannan jiran ne garkuwar jikinsu ke gane ƙwayar, ta tanadi abin yaƙarta.

Garkuwar jariri kuwa ba ta ƙarfafa sosai sai an cika allurai ukun.