Dutsen Banjagara: tsakanin magangarar Banani da kogon Degembere

A ƙasar Mali, gabas da Mobti, akwai wani gwauron dutse wanda ya miƙe kimanin kilomita 150, tsawonsa kuwa ya kama daga mita 100 har zuwa 500 a wasu wurare. Shi ake kira dutsen Banjagara, mazaunin Dogon. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na duniya. Kafin tashin hankalin da ya ɓarke a Mali a 2012 ya tsai da yawon buɗe ido, akasarin baƙi hanya guda suke bi: su kwana a Sanga, da safe su gangara ta tsagin dutse zuwa ƙauyen Banani, inda ruwa ke zubowa daga ƙoli in damina ta yi. Daga nan in aka ɗaga kai, sai a hangi ƴan ɗakunan laka maƙale cikin koguna, can inda ƙafa ba ta kaiwa.

Abin da muke son dubawa a wannan takarda shi ne labarin da aka saba ba wa baƙo a wurin, wato wai dutsen ganuwa ce da Dogon suka fake a bayanta domin su tsere wa Musulunci. A ganinmu, wannan rabin magana ne.

Mu fara da kogunan. Ba Dogon suka gina ɗakunan ba. Binciken da masana daga Holan suka yi tun daga 1964 ya nuna cewa mutanen da ake kira Tellem sun yi amfani da su tsakanin ƙarni na 11 da na 16, wasu a matsayin rumbuna, wasu makabarta. Dogon, bisa ga tarihinsu na baka, daga ƙasar Mande suka taso, suka iske wurin da mutanensa. Sun gaji kogunan, suka ci gaba da jan gawawwakinsu da igiya zuwa sama. Ke nan tun kafin a zo ga zancen Musulunci, alfarmar wurin gadon wasu ce.

Siffar Dogon da duniya ta sani kuwa, galibi daga Marcel Griaule ta fito. Ya isa Sanga a 1931, ya yi hirarsa da dattijon nan makaho Ogotemmeli a 1946, ya fitar da littafin Dieu d'eau a 1948. Ba mu musun darajar aikin, haka ma finafinan da Jean Rouch da Germaine Dieterlen suka ɗauka na bikin Sigi, wanda ake yi sau ɗaya a shekara 60, daga 1967 zuwa 1973. Amma an kafa ido ga Sanga da kewayenta har aka mance da sauran ƙasar. A 1991 Walter van Beek ya bayyana cewa da yawa daga cikin asiran da Griaule ya rubuta, shi bai same su ba a bakin Dogon ɗin da ya zauna da su. Masallatan laka na ƙauyuka irin su Kani-Kombole, da ke gindin dutsen, ba su samu wuri a cikin wancan hoto ba.

Akwai kuma wani kogo wanda ba a cika kai baƙon Turai ba, alhali mu ya fi shafa. Alhaji Umaru Tal, mutumin Futa Toro, a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka ya zauna shekaru a Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aurar masa da ƴarsa, kuma bai bar garin ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Ya ci Segu a 1861, ya ci Hamdallahi, babban birnin Fulanin Masina, a 1862. Musulmi ne ya yaƙi Musulmi, kuma malaman zamanin sun yi ta musayar takardu a kan halaccin haka. Ba a jima ba Fulani da Kunta na Tambutu suka haɗa kai suka yi masa ƙawanya a Hamdallahi. Da abin ya tsananta, sai ya aiki Tijani, ɗan ɗan'uwansa, neman gudunmawa. Wurin wa? Wurin Dogon. Kafin taimakon ya iso, Shehu Umaru ya fita daga birnin, ya fake a wani kogo a Degembere, cikin duwatsun da ke kusa da garin Banjagara. A nan labarinsa ya ƙare a watan Fabrairu na 1864. Masana tarihi sun ce albarushi ne ya tashi a kogon. Almajiransa sun ce ɓacewa ya yi. Ba aikinmu ba ne mu raba wannan gardama. Abin lura shi ne, wurin ya zama na ziyara ga ƴan Tijjaniyya.

Da mayaƙan Dogon Tijani ya karya abokan gaban baffansa, ya kafa mulkinsa a Banjagara har rasuwarsa a 1887. Ba ƙauna ce ta haɗa su ba. Dogon sun sha hari da kamun bayi a hannun Masina, suka ga dama ta samu. Wasu ƙauyukansu kuma ba su ji daɗin sabon mai gidan ba. Duk da haka, mutanen da aka ce sun hau dutse gudun Musulunci su ne suka tallafi gidan shehun ɗarika a ranar da ya fi bukata. Ya kamata ɗalibanmu su riƙe wannan, domin irin wannan saurin raba mutane gida biyu, Musulmi da Azna, mun sha yin sa a tarihin Arewa da Gobir da Katsinar Maraɗi.

A 1893 Archinard ya shiga Banjagara, ya naɗa Agibu, wani ɗan Shehu Umaru. Amadu, babban ɗan, ya yi gabas da jama'arsa, ya ratsa ƙasar da ta zama Nijar ta wajen Sayi, ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1897. Garin bai rabu da ilmi ba: a can Cerno Bokar ya karantar, a can ne ma ya rasu a 1940, kuma almajirinsa Amadu Hampate Ba haifaffen garin ne.

A Maris na 2019 an kashe Fulani fiye da 150 a Ogosagu, a filin da ke ƙarƙashin dutsen. A Yuni aka afka wa ƙauyen Dogon na Sobane Da. Wasu masu sharhi sun fassara abin da tsohuwar gaba tsakanin Musulmi da masu addinin gargajiya. Tarihin 1864 bai goyi bayan wannan fassara ba, balle ga shi Dogon masu yawan gaske Musulmi ne. Bisa lissafin shekara 60, a 2027 ya kamata Sigi ya sake tasowa daga Yugo Dogoru.