Matsayin Hausa a Darasin Turanci: Wace Hanyar Koyarwa Ce Ta Dace da Cunkusasshen Aji?

Yaron da ya shiga makarantar gwamnati a Kano ko Gusau yakan shafe shekara goma sha biyu ana ba shi darasin Turanci kusan kullum kafin ya zauna jarrabawar WAEC, amma ba abin mamaki ba ne a same shi a ƙarshe ya kasa rubuta takardar neman aiki mai shafi ɗaya. In aka nemi dalili, sai a ce yara ba sa karatu, ko malamai ba su ƙware ba, ko kuma Hausa ce ta yi yawa a bakin kowa. Zargi na uku shi ya fi karɓuwa wurin iyaye da shugabannin makarantu, shi ne kuma ya fi rauni. Da'awar wannan maƙala ita ce, hanyar da za ta yi aiki a ajinmu ita ce wadda ta fara da abin da yaro zai fahimta, ta kuma yi amfani da Hausa da gangan bisa tsari, maimakon malami ya riƙa shigo da ita a ɓoye kamar kayan fasa-ƙwauri.

Hanyoyin da ake karantarwa a kwalejojin ilimi sanannu ne. Akwai ta nahawu da fassara, wadda Turai ta gada daga koyar da Latin da Girkanci. Akwai ta kai tsaye, irin ta makarantun Berlitz, wadda ta haramta harshen ɗalibi a aji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yayata hanyar saurare da maimaici daga Amurka, wadda ta ɗauki harshe a matsayin sabo da ake dasawa da yawan nanatawa, har sukar da Noam Chomsky ya yi wa B. F. Skinner a 1959 ta girgiza tushenta. Daga shekarun 1970 kuma sai hanyar sadarwa, wadda ta jingina da ra'ayin Dell Hymes cewa sanin harshe ya haɗa da sanin abin da ya dace a faɗa, da wanda za a faɗa wa, da lokacin faɗa. Kusan dukkansu an tsara su ne domin ɗaliban da suka riga suka iya karatu da harshensu, a ajin da malami zai iya jin muryar kowa.

Abin da ya iso ajinmu ragowar waɗannan hanyoyi ne. Daga ta farko muka ɗauki haddace ma'anar suna da aikatau, muka bar fassara mai tsari. Daga ta biyu muka ɗauki hana "banakula", manita yana rubuta sunayen masu Hausa ana cin su tara ko a yi musu bulala, ba tare da mun samar da Turancin da za su ji a madadinta ba. Daga ta uku muka ɗauki biyawa da ƙarfi: malam ya faɗa, aji ya amsa, a kwafe nut daga allo, a kaɗa ƙararrawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, alhali ajin da ya haura ɗari ba baƙo ba ne a biranen Arewa. A irin wannan aji biyawa tana ɓoye jahilci, domin yaro na iya motsa baki shekara uku ba wanda ya gane bai san abin da yake faɗa ba.

Masanin da ya fi kusa da halinmu shi ne Michael West, wanda ya yi shekaru yana horar da malamai a Dhaka, a yankin Bengal na lokacin mulkin mallaka. A 1960 ya wallafa littafi kan koyar da Turanci a mawuyacin hali, kuma abin da ya kira mawuyacin hali shi ne aji mai ɗalibai 40 ko 50, ga zafi, ga malamin da shi kansa Turancinsa bai nuna ba. West ya yi tambayar da ya kamata masu tsara manhajarmu su yi: idan yaro ya bar makaranta a tsakiyar hanya, wace ƙwarewa ce za ta ci gaba da yi masa amfani? Amsarsa ita ce karatu. Wanda ya iya karatu zai ci gaba da koyo ba malami, kuma yara ɗari suna iya karatu lokaci guda, alhali ba za su iya magana da malami lokaci guda ba. Shi ya sa ya rubuta littattafan labarai masu ƙayyadaddun kalmomi, ya kuma fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 mafi amfani a 1953.

To amma karatu da wane harshe za a fara? Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi ƙwarai: harafi da sautinsa sun kusa zama ɗaya, yaro ya haɗa baƙi da wasali ya sami gaɓa, ya haɗa gaɓoɓi ya ji kalmar da ya sani tun yana goye. Tsarin ma ba baƙo ba ne, tunda makarantar allo da babbaƙu take farawa sannan farfaru. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, wasali ɗaya yana iya sauya furuci daga kalma zuwa kalma. Wanda aka fara wa karatu da Turanci an ɗora masa aiki biyu a tare, gane yadda rubutu ke aiki da gane harshen da bai taɓa ji ba. Jim Cummins ya nuna tun 1979 cewa ƙwarewar karatu da aka samu a harshen farko tana ƙaura zuwa na biyu. Ya kuma lura cewa 'ya'yan baƙi a Kanada sukan iya hirar yau da kullum cikin kimanin shekara biyu, amma harshen ilimi yakan ɗauke su shekara biyar zuwa bakwai, alhali Turanci ya kewaye su ko'ina. Yaron Ɗanbatta da ba ya jin Turanci sai a aji, a ce daga aji huɗu zai ɗauki lissafi da kimiyya da shi, an yi masa gaggawa.

Nijeriya tana da nata gwajin. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussa. Masu suka sun ce ai an ba su ƙwararren malamin Turanci da sababbin littattafai, don haka ba a san ko harshen ne ya yi tasiri ko gatan ba. Sukar tana da ƙarfi, sai dai ba ta rushe abin da ya shafe mu: darasin Turanci ɗaya mai kyau a rana ya wadatar inda yini guda na Turancin da ba a fahimta bai wadatar ba. A wannan layi shirin Mu Karanta ya bi a Bauchi da Sakkwato, inda aka riƙa fara karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa sannan a gabatar da Turanci.

A aikace, matakin farko na Turanci kunne ne. Dabarar James Asher, inda malami ke ba da umarni yara su aikata da jiki, su tashi, su taɓa kai, su nuna ƙofa, ta dace da babban aji fiye da kowace, domin malami yana ganin wanda ya gane da idonsa, ba ya kuma buƙatar komai sai muryarsa. Furuci ma a nan Hausa ke taimakawa. Malamin da ya san cewa Hausa ba ta bambanta "p" da "f", ba ta da "v" da "th", ba ta kuma fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, ya san inda ɗalibansa za su yi tuntuɓe tun kafin su buɗe baki, sai ya bayyana musu da Hausa inda za su sa leɓe da harshe cikin minti biyu. Haka jinsi: Bahaushe yana cewa mota "ta" tsaya, don haka sai an nuna masa a fili cewa Turanci ba ya raba abubuwa marasa rai zuwa namiji da tamata. Sharaɗin shi ne Hausa ta tsaya ga bayani da umarnin aiki, kada malami ya fassara kowace jimla, domin in yara suka san fassara na tafe sai su daina sauraron Turancin.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato yawan karatu mai sauƙi. A 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zuba littattafan labarai masu hotuna kimanin 250 a kowane aji na huɗu da na biyar a wasu makarantun karkara na Fiji, aka ware ɗan lokaci kullum don karanta su, sauran makarantu kuma suka ci gaba da maimaici. Cikin wata takwas ci gaban yaran a karatu da fahimtar magana ya ninka wanda aka saba gani. Ɗalibinmu na ƙaramar sakandare sau da yawa ba ya karanta komai sai gajeren nassin auna fahimta da ke cikin littafin aji, wanda kalmominsa suka fi ƙarfinsa, sannan a ce ya rubuta insha'i. Wanda bai karanta jimloli dubbai ba, daga ina zai samo nasa?

Akwai hujjoji biyu da ke gaba da wannan ra'ayi. Ta farko ta hukuma ce. A 2022 gwamnatin tarayya, zamanin minista Adamu Adamu, ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare; a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawa a yankunan da ake yawan koyarwa da harshen gida. Sai dai abin da ke faruwa a waɗannan azuzuwa ba koyarwa da Hausa ba ne bisa tsari: littafin na Turanci ne, jarrabawar ta Turanci ce, malami ne kawai ke fassarawa da ka don kada darasi ya mutu. Ba a gwada tsarin ba balle a ce ya gaza. Kuma ko da Turanci ne harshen koyarwa a takarda, tambayar yadda za a koyar da shi ga wanda bai ji shi ba tana nan.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: malamin. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin gwajin da aka yi musu. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan gwaji, ba a musun cewa malamai da yawa Turancinsu bai kai su gudanar da hira ta sakin baki irin wadda hanyar sadarwa ke nema ba. Amma wannan ma dalili ne na zaɓen hanyar da ba ta rataya komai a bakin malami ba. Malami mai matsakaicin Turanci zai iya koyar da karatun Hausa da kyau, zai iya bin rubutaccen jagoran darasi na umarni da aiki, zai iya karanta wa yara labari mai sauƙi ya bar su su karanta bibbiyu, su ma littattafan su gyara nasa Turancin. Abin da ya rage shi ne kwalejojin ilimi su rage lokacin haddace tarihin hanyoyi, su sa mai neman NCE ya gwada waɗannan dabaru a aji mai yara ɗari kafin a ba shi takardar shaida.