BASARKE BA BASARAKE BA NE: TARIHIN WATA KALMA A BAKIN KWARA

Gabatarwa

Duk Bahaushe ya san masunci, wato mai sana'ar su. Amma a ƙasar Yawuri, tun daga Shanga har Ngaski, akwai wata kalma da ba kasafai mutumin Kano ko Zariya yake jin ta ba, ita ce "Basarke", jam'inta "Sarkawa". Baƙo yakan zaci "basarake" ake nufi, alhali kuwa babu abin da ya haɗa su sai kamar lafazi. A wannan ɗan bayani za mu duba asalin kalmar, da mutanen da ake kira da ita, da yadda zamani ya juya ma'anarta.

Asalin Kalmar

Tushenta shi ne "Sorko", sunan da mutanen Songhai suke kiran masuntansu, gwanayen jirgi da farautar dorina. Su ne ƙashin bayan rundunar ruwa ta Sunni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492. Da kalmar ta shigo bakin Bahaushe sai ta bi ƙa'idar harshensa. Hausa ba ta cika barin gajeren wasalin "o" ko "e" a cikin rufaffiyar gaɓa ba, takan mai da shi "a". Shi ya sa Dendi ta zama Dandi, jam'in zobe kuma ake jin sa zabba. Haka "sork-" ya koma "sark-", aka ɗora masa "ba-" da "-awa" kamar yadda ake yi wa Bakabe da Kabawa.

Bayan da Kanta ya ɓalle daga Songhai wajen 1516, ya kafa daularsa ta Kabi, Sarkawan wannan yanki sun zauna ƙarƙashin Kabawa, suka saki harshen kakanninsu suka kama Hausa. Daga nan suka yi ta bin gulbi suna gangarowa Kwara.

Wane ne Basarke?

Kafin a gane Basarke sai an dubi maƙwabtansa. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, mazauna tsibirai ne, sun shahara da noman albasa. Shangawa kuma harshensu ɗan'uwan Kyanga da Busa ne. Dukansu suna su, amma gona ce uwa, ruwa kuwa ƙari ne. Shi Basarke ruwa ne gonarsa. Jirgin nasa ne, birgi da taru da mamari nasa ne, ba ya yi wa kowa barantaka. Idan kifi ya yi ƙaura sai ya kwashi iyalinsa ya bi shi, ya kafa tunga a bakin gaɓa, ya gai da Sarkin Ruwan wurin, ya yi wata da watanni yana kamu yana banda, sa'an nan ya kai kasuwa da kansa. Ke nan kalmar tana ɗauke da abu biyu: ƙwarewa da cin gashin kai.

Nisan tafiyarsu ya ja hankalin masana. P. G. Harris ya yi rubutu kan masuntan Kabi a 1942. Jean Rouch, mutumin Faransa, ya bayyana a 1950 yadda Sarkawa suke haurawa Kwara har cikin ƙasar da ake kira Mali a yau. A 1975 kuma Frank Salamone ya yi nazarin Sarkawan Yawuri, inda ya tayar da tambaya mai nauyi: shin ƙabila ce, ko kuwa rukunin masu sana'a ɗaya? Tambayar tana da dalili, domin harshensu Hausa ne, abin da ya raba su da sauran jama'a kuwa shi ne jirgi.

Zuwan Madatsar Kainji

An fara ginin madatsar a 1964, aka tare ruwa a 1968. Tsohuwar Busa da tsibirin Foge da tsibiran Gungawa masu yawa suka nutse, aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni. Manomin da gonarsa ta tafi ƙarƙashin ruwa ba shi da zaɓi sai ya rungumi raga. Shekarun farko an sha daɗi, don kifin da aka kama a tafkin ya haura tan 28,000 a 1971. Labari ya bazu, masunta suka kwararo daga nesa. Amma kafin 1978 kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000.

A nan ne ma'anar kalmar ta fara zamewa. Ragar leda da injin jirgi kuɗi suke ci, ba kamar kayan da mutum yake saƙawa da hannunsa ba. Wanda ba shi da jari sai ya karɓi kaya bashi daga attajiri, bisa sharaɗin shi zai riƙa sayar wa kifi. Wasu kuma suka zama 'yan ƙwadago masu jan dala, babbar ragar nan mai ƙananan idanu da ake kama warangi da ita, wadda ke kwashe har 'ya'yan manyan kifaye, abin da ya sa hukuma ta hana ta a ƙarshen shekarun 1990. To, mutumin da jirgin ba nasa ba, ragar ba tasa ba, farashin ma wani ke yanka masa, ya cancanci sunan Basarke?

Kammalawa

Sunan dai yana nan a bakin mutane, har ya faɗaɗa, ana laƙa shi ga kusan duk wanda ya mai da su sana'arsa. Abin da ya ragu shi ne rabinsa na biyu, wato 'yancin kai. Mai karatu zai ga cewa kalma ɗaya ta riƙe tarihin shekaru fiye da ɗari biyar, daga jiragen Sunni Ali zuwa tafkin Kainji. Idan aka fassara ta da "masunci" kurum, an zubar da wannan tarihi duka a ruwa.