Kaurin Bangon Zuciya a Sikanin 'Yan Wasa: Shin Ma'auni Ɗaya Ya Wadatar?

Zuciya tsoka ce, kuma atisaye mai tsanani na shekaru yana ƙara mata girma da kauri. Matsalar likitan da ke duba sikanin zuciyar ɗan wasa ita ce rarrabe wannan kauri na lafiya da cutar kaurin tsokar zuciya ta gado, wadda takan kayar da matashi ana tsaka da wasa. Wannan maƙala tana ganin cewa kaurin bango shi kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba, musamman ga 'yan wasa baƙar fata.

Ma'aunin da aka fi dogara da shi daga Italiya ya fito. A 1991 Pelliccia da abokan aikinsa sun auna zuciyar ƙwararrun 'yan wasa 947, suka samu 16 ne kacal bangon ɗakin hagu na zuciyarsu ya haura milimita 12, kusan dukkansu masu tseren kwale-kwale. Amma a 2008, a Ingila, Basavarajaiah da Sharma sun kwatanta 'yan wasa maza baƙar fata 300 da turawa 300: kashi 18 cikin ɗari na baƙaƙen sun wuce milimita 12, turawan kuwa kashi 4. Ke nan idan aka yi aiki da iyakar Italiya ido rufe, lafiyayyun samari da dama za su rasa kwantiragi a kan cutar da ba su da ita.

Mai ja zai ce sassauta ma'aunin ganganci ne, ya kawo misalin ɗan ƙwallon Kamaru Marc-Vivien Foé, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa a Lyon a 2003, binciken gawarsa ya nuna wannan cuta. Hujjar tana da nauyi, amma maganinta zurfafa dubawa ne. Idan kauri ya faɗo tsakanin milimita 13 da 15, sai a kalli faɗin ɗakin: atisaye yakan buɗe shi har ya wuce milimita 55, cutar kuwa sau da yawa takan matse shi ƙasa da 45. A duba yadda tsokar ke saki tana cika da jini, domin ta mai cuta takan ƙage. A haɗa da gwajin lantarkin zuciya da tarihin mutuwar fuju'a a dangi. In shakka ta ci gaba, hutun atisaye na kimanin wata uku yakan rage kaurin lafiya, na cuta kuwa yana nan daram.

Amfanin sikanin bai tsaya ga kauri ba. Gwajin likitocin Inter Milan ne a 1996 ya gano matsala a murfin babbar jijiyar zuciyar Nwankwo Kanu, aka yi masa tiyata a Amurka, ya koma ƙwallo. Abin da ya rage wa likitocin Afirka shi ne su tattara ma'aunin 'yan wasansu a gida, domin alƙaluman baƙar fata da ake dogaro da su yau, akasarinsu a Turai aka auna su.