Daga Sankira Zuwa Wayar Hannu: Yadda Talakan Ƙasar Safana Ya Sami Bakin Magana

A zamanin da, labari a ƙasar Safana da Batsari daga sama yake gangarowa. Sarkin Katsina ya faɗa wa hakimi, watau Yariman Katsina a Safana ko Sarkin Ruma a Batsari, hakimi ya faɗa wa dagatai, sa'an nan sankira ya yi shela ranar kasuwa. Talaka kuwa nasa sauraro ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta buɗe ƙofa kaɗan, domin tana buga wasiƙun masu karatu. Amma fa sai wanda ya iya rubutu, kuma sai abin da edita ya ga dama.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya intanet ta biyo ta cikin ƙauyuka. Babban abin da ya canza al'amari shi ne saƙon murya na WhatsApp. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya iya ɗaukar maganarsa da bakinsa, ya aika wa mutum ɗari a lokaci guda, ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Masifa ce ta nuna ƙarfin wannan abu. Da 'yan bindiga suka yi sansani a Dajin Rugu, sai zaurukan WhatsApp na garuruwa suka zama wurin gargaɗi, da cigiyar waɗanda aka sace, da tara gudummawa daga 'yan asalin gari mazauna Kano da Abuja. A Fabrairun 2020, da aka kai hari Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, labarin ya bazu ta wayoyin mutane. A Disamban shekarar kuma, sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ya sa ƙorafin jama'a a Facebook da Twitter ya kai kunnen duniya, har aka sako yaran bayan kamar mako guda.

Sai dai wayar nan ba ta san mai gaskiya da ɓarawo ba. Da ita masu kai rahoto suke tsegunta wa 'yan bindiga, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa. Saboda haka a Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari. Hujjar gwamnati a fili take, amma talaka ya fi ɗan bindiga jin jiki: ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar neman agaji, mai son gaida ɗan'uwa kuma sai ya yi tattaki zuwa inda waya ke kamawa. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta ba da umurni a mayar da sadarwar.